Tsarabar hutu a Garwa: Labari, tsintuwa da waƙar da muke kawo wa juna

A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne dab da rufe makarantu. A 2023 an yi ta a ƙarshen watan Yuni, a 2024 a tsakiyarsa, a 2025 kuma a farkonsa. Saboda haka hutu biyu suka haɗe mana a Garwa, na layya da na 'yan lekol, wanda ba ya ƙarewa sai Satumba ta kama. Gari ya cika. 'Yan kasuwarmu na Briqueterie a Yawunde da na New Bell a Duwala sun hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere, daga can suka kamo mota. Ɗaliban jami'o'in Marwa da Ngaundere sun fara sauka ɗaya bayan ɗaya. 'Yan uwa na Yola da Mubi sun tsallako da yaransu.

Kowa ya zo da tsarabarsa, wani turare, wani shadda, wani buhun doya. Akwai kuma tsarabar da ake zubewa a kan tabarma bayan la'asar: labarin hanya, wani abin mamaki da aka tsinta, sabuwar waƙa a waya, hoton wani ɗinki ko zanen lalle. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan hira a matsayin kashe lokaci. Ni kuwa, a matsayina na malamin firamare da ke sauraron yara tun daga Satumba har Yuni, ina ganin ita ce makarantar Hausa mafi girma da ta rage mana a wannan gari, kuma ita ce ma'ajiyar tarihinmu. In ta mutu, babu wata hukuma da za ta tayar mana da ita.

Majalisar ƙarƙashin darbejiya

Kusan kowace unguwa a Garwa tana da irin wannan zama, daga Hausari zuwa Yelwa, daga Fulɓere zuwa Rumde Ajiya. Tamu tana ƙarƙashin wata darbejiya, kusa da shagon wani tela. Ba mu da shugaba, ba mu da kuɗin wata. Akwai telan, akwai direban babbar mota, da mahauci, da mai gyaran waya, da wani ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton, da malamin allo, da wani dattijo da dukanmu muke kira Kawu, sai ni da suke kira Malam ko Metir, gwargwadon harshen da ya zo bakin mai magana.

A lokacin aiki ba ma cika haɗuwa gaba ɗaya. Direba yana hanya, ni ina fama da gyaran takardun jarrabawa, tela kuwa daga tsakiyar azumi har daren Sallah ko gaisuwa ba ya amsawa sai da kai. Hutu ne ke tara mu. A ɗora butar shayi a kan gawayi, a zuba na farko mai ɗaci, na biyu, har na uku mai zaƙi. Tsakanin na farko da na uku babu abin da ba a taɓawa.

Hirar da harshe uku ake yin ta, kamar yadda kowane ɗan Garwa ya sani. A fara da Hausa, a yi ciniki ko zolaya da Fulatanci, in an zo maganar takarda ko asibiti a koma Faransanci. Amma ƙashin bayanta Hausa ce, kuma wannan shi ne wuri ɗaya a wajen gida da yaro zai tsaya ya ji manya suna jayayya da ita, suna karin magana, suna habaici, suna ba da labari mai kai da gindi.

Ƙaramin labari mai babban amfani

Abin da ake fara buɗe zama da shi labarin yau da kullum ne. Nawa aka sayi rago a kasuwar Adumri, nawa aka sayar da irinsa a cikin gari. Wa aka yi wa haihuwa, wa ya rasu a Gider ba mu ji ba, ɗan wa ya ci CEP, 'yar wa take jiran sakamakon BEPC. Ina hanya ta lalace tsakanin Ngaundere da nan. Mai karatu zai ce ai wannan hirar kowa ce. Haka ne, amma a garin kan iyaka irin namu, da irin wannan hirar ake yanke shawarar abin da za a ci gobe.

Misali, lokacin da Najeriya ta cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, tun kafin mu ji sharhin masana a rediyo, direbanmu ya riga ya gaya mana cewa zuwa-zuwa, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, zai tashi, kuma 'yan kilando za su ƙara kuɗin ɗauka. Haka aka yi. Da Naira ta faɗi har jaka ɗaya ta sefa ta haura Naira 2,000, a majalisa muka fahimci wane kaya ne ya fi sauƙi a Mubi, wane ne kuma 'yan uwanmu na can ba sa iya saya a hannunmu. Wanda zai aurar da 'ya ya san inda zai nufa, wanda ke bin bashi a can ya san sai ya yi haƙuri.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982, tana sama da mu a kan kogin Binuwai. Duk ruwan da aka saki daga can, sai ya wuce ta ƙarƙashin gadar Garwa kafin ya kai Yola da Numan da Makurdi da Lakwaja. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba ya wasa da wannan magana. Idan damina ta yi nisa, wani masunci da ke leƙo mu yakan ce mana ruwa ya kai wuri kaza a jikin ƙafar gada. A daren nan wayoyi za su tafi Jimeta: ku kwashe hatsin da ke bakin fadama, ku matsar da awaki. Sanarwar hukuma tana zuwa, amma muryar ɗan uwa ita mutum ya fi saurin tashi a kanta.

Shi ya sa Kawu ya kafa mana doka ɗaya. Duk wanda ya kawo labari, sai an tambaye shi: "Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?" In ya ce a waya ya gani, Kawu ya ce, "To ɗana, ajiye shi a gefe ya huce." Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane cikin dare a Najeriya wai su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka kwanta a asibiti. Masoya ne suka riƙa tura wa masoyansu wannan magana. Suratul Hujurati ta riga ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma majalisa wuri ne mai kyau na koyon hakan, domin a nan akwai wanda zai dube ka ido da ido ya ce bai yarda ba.

Abin da aka tsinta a adudun kaka

Sashen da ya fi yi mini daɗi shi ne na tsintuwa. Sharar gida ta kafin Sallah takan tono abubuwa. Bana mahaucinmu ya zo da wani kuɗin azurfa mai nauyi da aka samu a adudun kakarsa, an huda shi an zura masa zare. A jikinsa akwai hoton wata mace mai ƙiba da shekarar 1780. Nan take aka fara lissafin miliyoyi. Sai Kawu ya karɓa ya juya shi, ya ce liyari ne, iyayensu mata da shi suke ado.

Gaskiyarsa. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wadda ta mutu a 1780. Saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan da Barno sun amince da azurfarsa, aka ci gaba da buga shi shekara da shekaru ba tare da an canza wannan shekarar ba. Ke nan wanda ke hannun mahaucinmu ba lallai ne ya kai shekarun da aka rubuta ba, kuma ba zai sayi gida ba. Amma ya faɗa mana ta inda kakannin gidan suka bi. Washegari wani ya kawo anini mai huji a tsakiya, na zamanin Turawan Ingila, da rubutun Larabci a jikinsa. Ga shi a ƙasan akwatin wata tsohuwa a Hausari.

Daga waɗannan ƙarafa biyu hira ta koma tarihi. Yadda Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ya kafa Yola a 1841, Garwa tana ƙarƙashinta. Yadda fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suka biyo wannan hanya da tufafi da kanwa, suna neman hauren giwa da goro, wasu suka yada zango suka yi aure ba su koma ba. Yadda Ingila da Jamus suka ja layi a 1893, Yola ta faɗa hannun ɗaya, Garwa hannun ɗaya. Jamusawa suka ci garin a 1901, aka kore su a watan Yunin 1915, Faransa ta gaje su. Samarin da ke gefe suna danna waya, ɗaya bayan ɗaya suka matso. Na sha koyar da wani ɓangare na wannan tarihi a allo, ban taɓa ganin an saurare shi kamar ranar da liyari yake yawo daga hannu zuwa hannu ba.

Malamin allonmu kuma ya kawo wata wasiƙa da ya samu a gafakar mahaifinsa, da ajami, tawadar ta koɗe ta yi ja. Gaisuwa ce da saƙon a aiko da goro da turmi biyu na zane. Shi kaɗai ya iya karanta ta ba gargada. Mu da muka yi lekol muka tsaya muna kallo kamar an kawo mana rubutun Sin, alhali harshen uwarmu ne a kan takardar.

Ba duk tsintuwa ce ta tarihi ba. Akwai ta dariya. Wanda ya je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya dawo da rediyon da ba ya kama kowace tasha sai in an ɗora shi a kan tulu. Mai gyaran waya ya ɗauko bidiyon dorinar ruwa tana hamma kusa da masu wanki a bakin Binuwai, baƙinmu na Kano suka rantse haɗi ne, sai da aka ɗauke su a babur aka kai su bakin gada da yamma. Gani ya kori ji.

Daga Rediyon Garwa zuwa memori

Waƙa ita ce tsarabar da ta fi saurin yaɗuwa. Iyayenmu sun san ta ta akwatin rediyo. An buɗe Rediyon Garwa a 1958, shekara ɗaya bayan BBC ta fara watsa shiri da Hausa, kuma dattawa a Adamawa da Barno har yau suna tuna yadda suke kamo ta don jin gaisuwa da waƙoƙi. Mutum ya rubuta wasiƙa, ya jera sunayen abokansa na garuruwa biyar, ya zaɓar musu waƙa. Bayan nan kaset ya zo. Duk direban da ya dawo daga Kano sai an tare shi a ji ko ya zo da sabon Shata ko Ɗanmaraya, mata kuma suna jiran Barmani Choge. Kaset ɗaya sai ya zaga unguwa har zarensa ya tsinke a ɗaura shi da jan farce.

Mu kuma zamaninmu na masu turi ne. Ka kai memori shago a cika maka shi, ka zo majalisa a yi ta tura wa juna ta Bluetooth, daga baya ta Xender, yanzu ta WhatsApp. Kada a raina wannan hanya. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008. Babu kamfanin da ya tallata su, daga waya zuwa waya suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya ji ɗaya a arewacin Mali, ya sa ta a wani faifai da ya fito a 2011. Yau mutumin yana wasa a manyan dandalin Turai da Amurka. Abokai ne suka fara kai shi.

To mu wa muke kaiwa? In ka karɓi wayar matashi a Garwa ka duba, za ka samu Hamisu Breaker, wanda waƙarsa ta Jaruma ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona, za ka samu Ali Jita da Ado Gwanja da Naziru da Umar M. Shareef. Da dare kuma gida ya taru a gaban Arewa 24. Wannan ba laifi ba ne. Kano uwa ce, kuma finafinai da waƙoƙinta sun riƙe mana harshe a kunnen yara fiye da yadda muke yabawa. Wanda ya ga yadda filin wasa na Rumde Ajiya ya goyi bayan Super Eagles a gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022, ranar da suka ci Masar 1-0, da yadda gari ya yi tsit ranar da Tunisiya ta fitar da su, ya san zuciyar Garwa tana da ɗaki biyu.

Sai dai ran nan na tambayi samari shida a gefen majalisa ko sun san Ali Baba. Suka ce na tatsuniyar ɓarayi arba'in? Ali Baba ɗan Garwa ne, an haife shi a 1956, ya yi rawa a ƙungiyar raye-raye ta ƙasa, ya je Faris, ya yi waƙa da Hausa da Fulatanci, ya kai kiɗan Arewa gidajen mutanen Kudu da ba su san komai a kanmu ba sai shanu da soya. Ya rasu a 2004. Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal sun ɗora daga nan da Fulatanci. Ban da waɗannan akwai waɗanda ba su taɓa shiga situdiyo ba: matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki, masu kalangun mahauta, masu bege a daren Mauludi, tsofaffin da ke da waƙar daka da ta raino. Babu mai turin da yake da su a kwamfutarsa. In tsohuwa ta rasu, ta tafi da nata.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, kuma a majalisarmu ma akwai su. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kowa da hujjarsa, ba a bakin shayi za a raba wannan gardama ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne, ba a kunna batsa, ba a kunna zagin wani, in an kira sallah a kashe komai. Malamin allonmu da kansa yakan tuna mana ruwayar Bukhari da Muslim a kan 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya so hana su, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Wanda bai son ganga, ai waƙar baka da ƙasida da tatsuniya ba su da ganga, su ma suna bukatar mai adana su.

Kwalliyar Sallah ma fasaha ce

Idan aka ce zane ko fasaha, tunanin ɗan lekol yakan tafi wani allo da aka rataye a gidan tarihi na Faris. Alhali ranar Sallah gari gaba ɗaya baje koli ne. Je ka ƙofar fadar Lamiɗo ka ga hawa, wanda a nan muke kira fantaziya: dawakai cikin lifidi da jalala, mahaya da rawuna, algaita da kakaki suna tashi, a zo a guje a ja linzami a gaban Lamiɗo a yi jinjina. Mutanen Demsa, can wajen Gashiga, sun yi suna a wannan fanni. Kowane sirdi da kowane linzami aikin hannun wani baduku ne ko maƙeri da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Ka kuma kasa kunne ka ji sarautun da ake kira a fadojin Fulanin nan: Sarkin Fada, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Pawa, ga dogarai a tsaye. Hausa ce zalla a tsakiyar fada. Haka soya da kilishi, waɗanda babu birnin Kamaru da ba a san su ba, sunayensu daga bakin mahautanmu suka fito. Yaron da aka nuna wa wannan ba zai ƙara jin cewa harshen gidansu baƙo ne a ƙasar nan ba.

Telanmu yakan baje hotunan aikin da ya yi a wata guda, a yi ta musu a kan wane wuya ne ya fi, aikin keke ko na hannu. Kawu ya kawo tsohuwar rigarsa mai aska takwas, ya nuna wa samari yadda ake gane kowace aska. Wanda ya je Marwa ya dawo da takalmi ko tumtum daga hannun majema da dukawan can. A cikin gida kuwa, mata suna da tasu majalisar, wadda ta fi tamu tsari: zanen lalle ja da baƙi, kitso, sabon yayin ɗinki, ƙwaryar da matan Fulani suka ƙona wa zane da wuƙa mai zafi. Ƙanwata ta ce mini a hutun bara littafi ɗaya ya zaga gidaje bakwai a layinsu, wato Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wanda ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a Faransa a 2020. Waɗanda suka iya Faransanci suna karantawa suna fassara wa sauran, aka yi ta muhawara a kan auren dole da kalmar munyal, wato haƙurin da ake ɗora wa mace. Maganar da ba ta faɗuwa a gaban iyaye, littafi ya buɗe mata ƙofa.

Tsarabar ba ta tsaya a tsakaninmu ba. Naman layya yana shiga gidajen maƙwabtanmu Kirista, Tupuri da Mundang da Fali da malaman da aka turo daga Kudu, su ma a ƙarshen Disamba kwanonsu yana shigowa. Wani abokin aikina ɗan Duwala, da ya zo cin nama, shi ya ba majalisa labarin Manu Dibango da waƙarsa Soul Makossa ta 1972, wadda Michael Jackson ya ɗebi amshinta har magana ta kai ga biyan diyya. Mu kuma muka kunna masa Shata muka fassara masa. Ya tafi da waƙa uku a wayarsa.

Inda ɗakin yake yoyo

Ga abin da nake gani a aji. Yaron Bahaushe a Garwa yana karatu da Faransanci, yana wasa da ciniki da Fulatanci, Hausa kuma ta koma ta aike da faɗa: kawo ruwa, tashi ka yi sallah, wa ya fasa kofin nan. Yana jin ta sarai, amma ka ce ya ba ka labarin abin da ya faru jiya daga farko har ƙarshe, sai ya yi jimla biyu ya tsallaka wani harshe. Ƙirga kuɗi da dala ya gagare shi. Karin magana kuwa sai dai ya yi murmushi. Tsarin mulkin 1996 da dokar ilimi ta 1998 duk sun yi maganar raya harsunan ƙasa, amma inda aka gwada koyar da harshen gida a nan Arewa, yawanci Fulatanci ne, kuma ba abin mamaki ba ne tunda shi ne harshen kasuwa da titi. Fulatanci namu ne, da shi muka tashi, yawancinmu muna da kaka ko suruka Bafulatana. Yaro yana iya riƙe uku ba tare da ɗaya ya faɗi ba, in dai yana jin kowanne a inda ake yin sa da daɗi.

Wurin da ake yin Hausa da daɗi kuwa shi ne yake raguwa. Tsarabar da a da sai an zo an zauna ake bayarwa, yanzu da yatsa ake tura ta. Safiyar Sallah waya takan cika da hoton rago da fure da Barka da Sallah wanda wani ya ƙera a wata ƙasa, mutum ya tura wa mutum ɗari bai taka ƙofar ko ɗaya ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Kuma abin da ake turawa, in ka duba, kusan duk daga wani wuri ya zo. Mun zama masu karɓa da miƙawa. Namu labarin, namu liyarin, tamu tsohuwar mai waƙar daka, ba su cika shiga ba.

Kafin a koma lekol

Ranar da muka rufe makaranta na ba 'yan ajina aikin hutu wanda babu maki a kansa. Kowa ya dawo a Satumba da abu uku: tatsuniya ɗaya daga bakin wani tsoho, da harshen da aka ba shi ita, ko Hausa ko Fulatanci ko Fali ko Giziga, sunan wani tsohon abu da ke gidansu da labarin yadda ya zo, da waƙa ɗaya ta aiki ko ta raino da kakarsa ta sani. Iyaye ba sa bukatar jiran malami kafin su ba da irin wannan aiki.

Ga majalisu kuma, shawarata kaɗan ce. A bar yara su zauna a gefen tabarma, ko da su ne masu wanke kofuna, kada a kore su sai in maganar ta manya ce. Wayar da ke ɗaukar dorina tana iya ɗaukar muryar Kawu ko ta Goggo na minti goma, bayan an nemi izininsu, a rubuta sunan mai magana da unguwa da rana, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Takardun ajami a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu, a kai wa mai iya karantawa tun yana da ido. Duk wanda ya tura waƙar Kano biyu, ya nemo ta gida ɗaya ya haɗa.

Ranar 26 ga Agusta ita ce Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015, kuma tana faɗowa ne cikin hutunmu, kwanaki kaɗan kafin a koma aji. Ba sai an kama zauren taro ko an buga riguna ba. Kowace majalisa ta ware yammacin ranar, kowa ya zo da abu ɗaya na gidansu ya faɗi labarinsa a gaban yara. Waɗanda za su koma Yawunde da Duwala da Yola su tafi da shi a wayoyinsu, ya zama tsarabar Garwa ga na can.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya kai matafiya gida lafiya.